Yadda za ka sa lemonka na gida ya shiga kasuwa, darasi daga Bigi

In kana haɗa zoɓo ko kunun aya ko jinja kana zubawa a gora kana so ya zama sana'a ta gaske, to tsaya ka kalli yadda Bigi ya yi. Kamfanin Rite Foods ne ya fito da shi a 2016, masana'antarsu na Ososa a jihar Ogun, lokacin nan tattalin arziki ya matse kowa na lissafin canjin aljihunsa, sai suka shigo da gora mai 60cl a kan naira 100. Shi kenan fa. Ba wani dogon turanci, mutum ya ɗaga gorar ya ji nauyi ya ji farashi, ya ce a ba shi. Tallar talabijin da ɗaukar nauyin gasar waƙa ta Nigerian Idol duk daga baya suka zo, bayan lemon ya riga ya cika firizojin shaguna.

Don haka farashi za ka fara zama a kai, kafin suna, kafin sitika. Ka zaɓi kuɗin da ba ya buƙatar canji, domin yaron da ke talla a tasha ba shi da lokacin neman canji mota na shirin tashi. Sannan ka lissafa daga baya zuwa gaba, ribar mai shago nawa, kuɗin gora da murfi nawa, ƙanƙara nawa, sukari nawa, abin da ya rage shi ne naka. In mai shago bai samu abin kirki a kan kowane dozin ba wallahi can ƙasan firiza zai tura maka kaya, ya jera na wasu a sama inda hannu ke fara kaiwa, kuma ba zai taɓa faɗa maka ba, kullum sai dai ya ce kasuwa ce ba ta tafiya.

Sai sanyi, kuma a nan ne yawancin mutane ke faɗuwa. Kunun aya ba ya haƙuri, ka bar shi a zafin Afrilu ba ƙanƙara kafin la'asar ya fara tsami, gora ta kumbura, kana buɗewa ya yi maka fiss a fuska. Mutum ɗaya ya sha irin wannan ya gama da kai, har 'yan gidansu. Zoɓo ya ɗan fi juriya amma shi ma ba sosai ba. Saboda haka kar ka kai kaya shagon da ya dogara da NEPA kaɗai, nemi mai sola ko ka ba shi kula mai ƙanƙara a ciki, kuma ka kai kaɗan kaɗan kullum, wanda ya kwana ka karɓe abinka. Asara ce ƙarama, ta fi a ɓata maka suna.

Gora kuma don Allah a sayi sabuwa mai murfin da ke ƙara in an buɗe. Tsintar gorunan da aka sha aka yar ɗin nan shi ke hana ma'aikatan ofis da masu biki sayen kayanmu. Sitika ta ɗauki suna gajere mai daɗin kira, da lambar waya, da ranar da aka haɗa. In abin ya fara girma ka yi rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka nemi lambar NAFDAC, manyan kantuna ba sa karɓa sai da ita.

Wajen talla, je ka inda ƙishi yake. Lemon La Casera a gosulon Legas ya yi suna, a hannun 'yan talla tare da Gala. Naka gosulon shi ne bakin makaranta, wurin mai tsire, tasha, filin ƙwallo da yamma. Ka ba mai abincin unguwa gora biyar kyauta ta ɗanɗana wa kwastomominta, ya fi ka biya wani ɗan TikTok da mabiyansa ke wani gari. Status na WhatsApp ma yana aiki, musamman hoton gora tana zufar sanyi wajen ƙarfe biyu na rana.

Azumi kuwa tun Sha'aban ake shirya masa. Dubi Vimto, a Manchester aka ƙirƙiro shi a 1908, amma yau a Saudiyya da wuya ka ga shimfiɗar buɗa baki babu shi. Ka tanadi goruna da sukari kafin su yi tsada, ka karɓi odar masu rabon sadaka a masallatai da wuri, kuma a biya rabin kuɗi tukuna.