Kurakuran da aka fi yi wajen auna ƙiba da tumbi

Da yawanmu in ana maganar ƙiba sai mu hau sikeli, mu ga kilo 70 mu sauko hankali kwance. To sikeli nauyi kawai yake faɗa maka, ba ya gaya maka inda kitsen ya taru, kuma nan ɗin ne magana take. Kitsen cinya da mazaunai daban, wanda ya taru a cikin ciki ya lulluɓe hanta da hanji daban, shi wannan na cikin ne yake hana jiki jin insulin, wato sinadarin da ke daidaita suga a jini, yadda ya kamata, daga nan sai suga, sai hawan jini, sai ciwon zuciya ya biyo baya.

Haka ma BMI, wato ka raba kilonka da tsawonka a mita, abin da ya fito ka sake raba shi da tsawon. Daga 25 an fara ƙiba, 30 kuma ta yi yawa. Yana da amfani amma bai san tsoka da kitse ba, mai ɗaga ƙarfe zai iya fitowa 27 lafiyarsa ƙalau, wani kuma siriri ƙafafu kamar sillen kara ga tumbi a gaba ya fito 23 a ce masa normal ne.

Saboda haka a auna ciki, amma a nan ma ana tafka kuskure. Wani lambar wandonsa zai faɗa maka, wai shi 34 yake sawa tun yana saurayi, alhali wandon a ƙarƙashin tumbin yake ɗaure shi! Ba nan ake aunawa ba. Ka laluba haƙarƙarinka na ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, tsakiyarsu za ka zagaya tef ɗin tela, a kan fata ba kan riga ba, kana tsaye, ka saki numfashi, kuma don Allah kar ka shanye cikin ko ka matse tef har ya nutse. Kar a yi bayan an cika ciki da tuwo.

A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya namiji daga santimita 94 haɗari ya fara, 102 ya yi tsanani, mace kuwa 80 da 88. Tef ɗin tela gefe ɗaya inci ne, a kula kar a haɗa, 102 ɗin nan wajen inci 40 ne.

Mafi sauƙi ma, zagayen cikinka kar ya kai rabin tsawonka. Ka samu zare ka auna tsawonka, ka ninka shi biyu ka zagaya ciki, in bai haɗu ba to akwai aiki a gabanka. Mai juna biyu dai wannan awon bai shafe ta ba.

In kuma zaren ya haɗu kar ka ce ka tsira, hawan jini na kama siriri ma kuma sau da yawa ba ya nuna alama, ka je a auna maka jini da suga musamman in akwai masu shi a gidanku.