Kana so ka zama kocin ƙwallo? Nemi maigida tukuna

Kusan duk sati sai wani yaro ya tare ni bayan atisaye ya ce shi fa gwiwa ta ƙi, yanzu koci yake so ya zama, wai ina ake sayen fom. To ɗan'uwa ba daga fom ake farawa ba. Koci sana'a ce kamar kanikanci, ka taɓa ganin wanda ya buɗe gareji bai wanke sifana a gaban wani ba?

Dubi Manu Garba na Gombe. A 2007 mataimaki ne kawai a ƙarƙashin marigayi Yemi Tella lokacin da Najeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a Koriya ta Kudu, sai a 2013 ya ɗauko kofin da kansa a Daular Larabawa, su Iheanacho suna cikin yaransa, kuma a bencinsa akwai Emmanuel Amuneke yana mataimaki, shi ma 2015 ya je Chile da su Osimhen ya ɗauko. Hannu da hannu abin yake tafiya. Shi kansa Mourinho da ake ta zuzutawa tafinta ya yi wa koci Bobby Robson a Fotugal, ya bi shi har Barcelona.

Zaɓen maigidan shi ne rabin aikin, kar ka yi gaggawa. Ka je filin da yake horarwa sau uku ko huɗu ka tsaya daga gefe kamar ɗan kallo. Yana riga yara zuwa ko su suke jiransa? Yana zuwa da tsari a takarda, ko kullum dai "ku zaga fili sau goma" sannan a raba gida biyu a yi ta dambe har rana ta ɗaga? In yaro ya yi kuskure nuna masa yake ko zagin iyayensa? Wanda yake karɓar kuɗi kafin ya ba yaro jesi, ko ya fi kowa kofuna ka bar shi, halin za ka kwasa tare da ilimin. Idan ya kwanta maka a rai ka samu wani babba da ya san shi ya raka ka, ka gaishe shi da ladabi ka ce Koci, na zo in koyi aiki a hannunka ne. Kar ka fara da labarin yadda ka taɓa buga lamba goma, ya ji irinsa ya gaji.

Watannin farko ba daɗi, gara ka sani. Hura ƙwallo, zana layi da toka, jera robobi, ɗauko ledar fiyawata, ƙirga jesi bayan wasa. Yaran da ka girme su za su riƙa kiranka ɗan aiken koci. Ka share. Abin da zai raba ka da ɗan aike na gaskiya littafi ne na 'yan kuɗi kaɗan da biro, duk atisayen da aka yi ka rubuta, yara nawa, minti nawa, faɗin wurin taku nawa, sannan ka bar layi biyu a ƙasa na dalili, don dalilin shi ne ilimin, kowa zai iya haddace yadda aka jera robobi amma me ya sa yau aka matse wurin gobe aka buɗe shi, me ya sa aka ce taɓi biyu kawai, wannan sai ka tambaya. Kuma ba a gaban yara ba. Bari sai an watse yana ɗaure jaka, lokacin bakinsa yake buɗewa.

In ka ga ya fara sakewa da kai sai ka roƙi abu guda. Ɗumama jiki na minti goma sha biyar ya isa, daga nan masu tsaron raga don yawanci ba mai kula da su, sannan ƙananan yara 'yan goma sha biyu zuwa sha uku. Su ne malamanka na biyu, in bayaninka ya wuce minti ɗaya za ka ga sun fara kokawa. Ni ranar da aka fara bar min fili wani atisaye na kwaso a YouTube na Turawa mai cin ƙwallo wajen ashirin, mu kuwa uku gare mu ɗaya ma tana sacewa, yara suka yi layi suna hamma, maigidana yana ƙarƙashin darbejiya bai ce uffan ba sai da muka tashi ya ce gobe ka ƙirga ƙwallonka kafin ka ƙirga wayonka.

Ranar wasa ka daina bin ƙwallo da ido kamar kana gidan kallo. Kalli 'yan baya lokacin da ƙwallon take gaba, kalli wanda ya fara riƙe ƙugu. Kafin hutun rabin lokaci ka rubuta canjin da za ka yi da kai ne, ka gwada da nasa. Ka kuma koyi taimakon gaggawa, targaɗe, suma, zafin Maris da Afrilu, da yadda ake sassauta atisaye cikin azumi.

Sai takarda, nan ne da yawanmu suke maƙalewa, mutum ya shekara goma sha biyar a bayan maigida ya iya aikin sarai amma a ɗauko wani daga nesa a ɗora masa. Lasisin koci na CAF, hukumar ƙwallon Afirka, hawa-hawa ne, D, C, B, A har zuwa Pro, ta hannun NFF, hukumar ƙwallon Najeriya, ake yi, don haka ka riƙa leƙa ofishin hukumar ƙwallon jiharku kana tambayar yaushe za a buɗe kwas. A Nijar hukumar ƙwallonsu, FENIFOOT, za ka nema. Akwai kuma NIS, makarantar koyon aikin wasanni ta ƙasa, da ke filin wasa na Surulere a Legas. Da Turanci ake koyarwa a Najeriya, ka fara goge naka tun yanzu, kuma duk wanda ya ce ka turo kuɗi ta WhatsApp ya haɗa maka satifiket ba ka shiga aji ba, damfara ce.

Kuɗi kuwa ba za su zo da wuri ba, kar ka saki ɗinkinka ko Napep ɗinka. Makarantun kuɗi suna ɗaukar malamin wasanni, ka gwada can. Tsanin dai a bayyane yake, gasar unguwa, irin su Ramat Cup ta yara da ake yi a Kano, sai ƙananan gasannin lig na ƙasa, NLO da NNL, sannan firimiyar da su Pillars suke ciki. A hanya za a kawo maka mai gemu a ce shekararsa 15, kar ka sa hannu, tun gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 ta 2009 da aka yi a Najeriya FIFA take ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don tantance shekaru, in asiri ya tonu sunanka ne a takarda.

In lokacin yaye ya yi, bayan shekara biyu ko uku, kai za ka same shi har gida ka faɗa masa da bakinka kafin ya ji a gari. Ka nemi ya sa maka albarka ya rubuta maka takardar shaida. Ko yaro ɗaya kar ka janye daga ƙungiyarsa, ka nemo naka, kuma wasan sada zumunta na farko shi za ka fara gayyata.