Yadda ake saita Postfix ya tura imel ɗin ma'aikatan da ke nesa cikin tsaro

Kuskuren da na fi gani wurin masu koyon Postfix, wato manhajar da saba ke tura imel da ita, iri ɗaya ne. Ma'aikaci yana kan tafiya, sabar ta ƙi tura masa imel, sai mai kula da ita ya ruga cikin main.cf, babban fayil ɗin saitin Postfix, ya faɗaɗa mynetworks, wato jerin adireshin da sabar ta amince da su, wani ma har ya rubuta 0.0.0.0/0, wanda ke nufin kowane adireshi. Da zarar an yi haka, duk wanda ke intanet zai iya aika saƙo ta cikinta, kuma ba a daɗewa masu watsa saƙonnin banza su gano ta, adireshinta ya shiga jerin Spamhaus na sabobin da ake toshewa saboda saƙonnin banza.

A bar mynetworks da 127.0.0.0/8 kaɗai, wato sabar ita kanta. Adireshin matafiyi yana canzawa kullum, saboda haka da suna da kalmar sirri za a tantance shi.

Da farko a buɗe ƙofa ta 587 ta hanyar cire alamar # daga layin submission a fayil ɗin master.cf, sannan a sa smtpd_tls_security_level=encrypt da smtpd_sasl_auth_enable=yes a ƙarƙashinsa. Kada a tilasta ɓoye bayanai a ƙofa ta 25, domin ta nan saƙonnin sauran sabobi ke shigowa, kuma smtpd_tls_security_level=may, wato a ɓoye idan ɗayar sabar ta iya, ya wadatar.

Tantancewar kuwa a damƙa wa Dovecot, wata manhajar imel da ke iya duba suna da kalmar sirri, wanda a ganina ya fi takwaransa Cyrus sauƙin sha'ani. A main.cf a rubuta smtpd_sasl_type = dovecot da smtpd_sasl_path = private/auth. A nan ne na taɓa ɓata yini guda. Wannan gajeriyar hanya Postfix yana lissafa ta ne daga /var/spool/postfix, don haka dole ne Dovecot ya ƙirƙiri soket ɗinsa, wato mahaɗar da Postfix zai yi magana da shi ta cikinta, a /var/spool/postfix/private/auth, mallakar postfix, da izini 0660. Idan aka ajiye shi wani wuri, za a yi ta zargin kalmar sirri alhali ba a ma kai ga duba ta ba.

Sai smtpd_relay_restrictions, saitin da ke yanke wanda za a tura wa saƙonsa, wanda ya zo da Postfix 2.10. A jera permit_mynetworks, permit_sasl_authenticated, reject_unauth_destination, a haka ba tare da sauya musu wuri ba, domin daga farko ake karanta su.

Ɓoye bayanai yana buƙatar takardar shaida, kuma ta Let's Encrypt kyauta ce, sai dai ba ta daɗewa, kuma bayan kowace sabuntawa a sake loda Postfix. A gwada da openssl s_client -starttls smtp daga wata kwamfuta ta waje, a tabbatar an ƙi tura saƙon wanda bai ba da kalmar sirri ba, sannan a sa manhajar fail2ban ta riƙa toshe masu cinken kalmar sirri.