Yadda ake dawo da foldar /tmp idan ta ɓace bayan an saka Linux

Masu sayen tsofaffin laftof a Computer Village ta Ikeja su saka musu Ubuntu ko Linux Mint kan ci karo da wannan. Ka rubuta fasuwod, allo ya yi baƙi, ya maido ka wurin shiga. Ko ka zo saka manhaja ta ƙi, tana cewa ta kasa buɗe fayil na wucin gadi. Sau da yawa matsalar daga /tmp take, wurin da manhajoji ke ajiye ƙananan fayilolin aikinsu. Kada ka yarda wani ya ce sai an goge komai an sake sakawa, gyaran ɗan kaɗan ne.

Danna Ctrl, Alt da F3 tare, ka shiga da sunanka da fasuwod, sannan ka rubuta:

ls -ld /tmp

Idan lafiya take, layin zai fara da drwxrwxrwt, mai ita kuma root, wato asusun da ke da cikakken iko a kan kwamfutar. In an ce babu ita, ka rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

sudo mkdir /tmp
sudo chown root:root /tmp
sudo chmod 1777 /tmp

A layi na uku ne aka fi tafka kuskure. Foldar da root ya buɗe takan zo da izinin 755, wato shi kaɗai ke iya rubutu a ciki, don haka matsalar tana nan. Wasu kuma sai su sa 777 su yi gaba. Wannan 1 ɗin na farkon 1777 shi ke hana wani goge fayil ɗin da ba nasa ba, kuma a shagon buga takardu irin na Agege, inda mutum huɗu ko biyar ke amfani da kwamfuta ɗaya, ba abin wasa ba ne. Ka duba /var/tmp ma, izininta 1777 ne.

In an ware wa /tmp nata ɓangaren faifai lokacin sakawa, ka buɗe /etc/fstab ka gwada UUID, wato lambar shaidar ɓangaren faifan, da ke layin /tmp da wadda sudo blkid ya nuna. Idan sun sha bamban, ka gyara ta, ko ka sa # a farkon layin don kwamfutar ta tsallake shi. Daga nan sai sudo reboot.

Mai Windows kuwa ya danna Win da R, ya rubuta %TEMP%, wato makwafin /tmp a can. In ba a same ta ba, ya buɗe folda mai suna Temp a cikin AppData\Local da ke foldar sunansa. AppData a ɓoye take, sai ya kunna nuna ɓoyayyun fayiloli tukuna.