Yadda Ake Auna Kulawar Da Wurin Aiki Ke Yi Wa Ma'aikatan Da Suka Manyanta

A masana'anta guda a Kakuri za ka tarar da Bahaushe da Bajju da Bagwari da Bayarabe suna aiki a inji ɗaya. Takardar tambayoyi ɗaya za ka raba musu, amma ba lallai su fahimce ta iri ɗaya ba. Nan wahalar aikin take.

Fara da tsayar da waɗanda za a tambaya, misali masu shekara 50 zuwa sama. Ma'aikacin gwamnati yana ritaya a shekara 60 ko bayan shekara 35 yana aiki, malamin makaranta kuwa dokar tarayya ta 2022 ta kai shi 65 ko 40 na aiki, don haka kowa a ware shi daban. Kada ka nemi ranar haihuwa. Shekarun takarda da na gaskiya sukan sha bamban, mutum zai tsargu ya ɗauka sallamarsa ake shirin yi. Ba shi rukuni ya zaɓa: 50 zuwa 54, 55 zuwa 59, 60 zuwa sama.

Sai fannonin da za a duba. Wani ma'aunin kula da ma'aikata dattawa da masana a Jami'ar Leuphana ta Jamus suka tsara yana da fanni tara, ciki har da shugabanci, tsarin aiki, lafiya, horo, miƙa ilimi ga na baya da shirin ritaya. Ƙaramin wuri, fanni biyar ko shida sun ishe shi, kowanne da tambaya uku ko huɗu. Da zarar sun haura 25, amsoshin ƙarshe na gajiya ne.

Wajen rubuta tambayoyin ne aka fi yin ɓarna. Ka ce wa dattijo "Ana girmama ka a nan?", zai ce alhamdu lillahi, domin kowa Baba yake ce masa, ana rusuna masa a gaishe shi. Amma Baban nan rabonsa da kwas tun kafin a kawo kwamfuta ofis. Gaisuwa daban, haƙƙi daban. To ka tambayi abin da ya faru, wanda za a iya ƙirgawa: cikin wata 12 da suka wuce, sau nawa aka tura ka horo? Da ka nemi a sauke maka aikin dare ko ɗaukar kaya, an yi? An auna maka hawan jini a nan? Kuɗin fanshonka na shiga asusu duk wata? Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai kamfani aƙalla kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8, ka ga akwai abin gwadawa.

In takardar za ta fita da Hausa da Turanci, mutum ɗaya ya fassara, wani da bai ga ta asali ba ya mayar da ita harshen farko, a kwatanta biyun. Sannan a gwada ta a kan mutum takwas ko goma daga ƙabilu daban-daban, kowa ya faɗi da bakinsa abin da ya gane. "Sassauta lokacin aiki", alal misali, wani zai ji ta a matsayin rage albashi.

Kada oga ya raba takardun, kada kuma ya karɓa. Ba suna, a saka a ambulan a jefa cikin akwati. Wanda bai yi boko ba, wani da ba na sashensa ba ya karanta masa, mata kuma mace. Rukunin da bai kai mutum goma ba kada a fitar da sakamakonsa shi kaɗai, nan take za a gane mai magana.

Da amsoshi sun dawo, gwada su da rajistar horo da takardar albashi. Ka kuma ba matasan wurin tambayoyin nan. In su ma ba a tura su kwas, matsalar ta kuɗi ce. In su ana tura su, dattawa na zaune, to shekaru ake dubawa.