Yadda Ake Shirya Haɗa Sola a Gida a Katsina

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta wuce haka nesa, har magidanta da yawa a Katsina da Daura suka lulluɓe janaretocinsu da buhu suka tura lungu. Wutar gwamnati kuwa mafi yawanta daga tashoshin gas na Kudu take fitowa, ragowar kuma daga madatsun ruwa na Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, shi ya sa da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna a watan Oktoban 2024 Arewa ta yi kwanaki cikin duhu. Injinan samar da wuta da iska guda 37 na Lambar Rimi a jihar Katsina, waɗanda aka tsara su ba da megawat 10, sun shafe fiye da shekara goma suna tafiyar hawainiya. Abin da ya rage a hannun mai gida shi ne ranar da take dukan rufinsa, kuma ƙasar Katsina tana cikin wuraren da suka fi samun ta a Najeriya.

Aikin yana farawa ne da takarda da biro, tun kafin a taka shagon mai sayar da kaya. A bayan kowane kayan wuta akwai rubutun da ke nuna wat nawa yake ci, sai a ninka wannan adadi da yawan awannin da yake aiki a rana, abin da ya fito shi ne wutar da yake ci a yini, a ma'aunin wat-awa. A ɗauki gida mai ƙwan fitila huɗu na wat 10 da suke kunne awa shida, wato 240, da fanka biyu ta sama masu wat 75 da suke juyawa awa goma, wato 1,500, da talabijin mai wat 60 na awa biyar, wato 300, da ƙaramin firji da zai ci wajen 1,000 a yini, da cajin wayoyi. Jimilla ta kama kusan 3,100. A ƙara mata kashi 30 cikin ɗari saboda wutar da take salwanta a wayar wuta da zafi da inbata, wato na'urar da take juya wutar batir ta koma irin wadda kayan gida suke amfani da ita, sai ta zama wajen 4,000. Idan aka raba wannan da awa biyar na rana mai ƙarfi, wanda shi ne lissafin da ba zai ba mutum kunya ba ko da damina, za a ga ana buƙatar farantin sola na wat 800, wato guda biyu masu wat 450 sun wadatar. Dutsen guga da rishon lantarki da hita ba su cikin wannan lissafi, domin kowane ɗayansu yakan ja wat 1,000 ko fiye shi kaɗai, kuma ya kamata a yi wa mutanen gida wannan bayani tun ranar farko.

Batir shi ne inda kuɗi suka fi tafiya, kuma a nan ne aka fi cutar mutane. Matsayinsa matsayin randa ne, abin da aka tara da rana shi za a sha da dare. Batirin ruwa mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗaukar kusan wat-awa 2,400, amma rabin wannan kawai ya kamata a riƙa ja, domin wanda yake zuƙe shi ƙarƙaf kullum zai kashe shi tun bai cika shekara biyu ba. Saboda haka gidan da muka lissafa, wanda zai ci wajen 2,000 tsakanin magariba da hantsi, yana buƙatar guda biyu. Irin wannan batir yana son a riƙa duba ruwansa ana cikawa da ruwan batir na gaskiya, ban da na rijiya ko na leda, kuma zafi babban abokin gabansa ne: duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana iya rage kwanansa da kusan rabi. Wanda ya san yadda ɗakin kwano yake zama a watan Afrilu, lokacin da zafin bazara yake haura digiri 40, zai gane dalilin da ya sa dole a nema masa wuri mai inuwa da iska, a ɗora shi kan katako. Batirin litiyam ya fi tsada a ranar saye, amma ana iya jan kashi 80 cikin ɗari na abin da ke cikinsa, ba ya neman ruwa, kuma yana daɗewa ninkin na ruwa. A ganina wanda yake da hali ya saye shi, wanda ba shi da hali kuma ya rage kayan da zai kunna, ya guji batirin hannu da aka wanke aka manna wa sabuwar takarda.

Inbata kuwa a nemi mai ba da wuta tsaftatacciya irin ta gwamnati, wadda fanka ba ta gurnani a kanta, kuma ƙarfinta ya zarce jimillar kayan gida, saboda firji yakan ja ninki uku ko fiye na wutarsa a daidai lokacin da yake tashi. A na'urar daidaita caji kuma, wadda ake sawa tsakanin faranti da batir, mai alamar MPPT ta fi mai alamar PWM tatso wuta daga faranti.

Wajen kafawa, faranti ya fuskanci kudu, wato hannun daman wanda ya dubi gabas, a karkace shi kamar digiri 12 zuwa 15, gwargwadon matsayin Katsina a arewa da layin da ya raba duniya biyu. Kada a kwantar da shi a jikin kwano, a bar tazarar da iska za ta ratsa ƙarƙashinsa, domin faranti yana rage ƙarfi idan ya ɗau zafi. A tsaya a duba rufin da hantsi da azahar da la'asar, a tabbata inuwar bedi ko ta tankin ruwa ko ta benen maƙwabci ba ta faɗa masa, saboda inuwar da ta rufe kusurwa ɗaya tak tana iya rage wutar dukan jerin. A ɗaure shi da ƙarfe da noti masu kyau saboda iskar hadarin farkon damina, a sa fis tsakanin batir da inbata, a binne ƙarfen kariya daga tsawa, a kuma yi amfani da waya mai kauri ta jan ƙarfe zalla. Idan mai haɗawa ya ce waɗannan ba dole ba ne, a sallame shi a nemi wani.

Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, hazo yakan shimfiɗa ƙura a kan gilashin har yatsa ya yi zane a kai, kuma mutane da yawa sukan ɗauka batir ne ya mutu alhali faranti ne yake neman wanki. A riƙa goge shi da ruwa da tsumma mai laushi sau ɗaya ko biyu a mako, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi, domin ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi yana iya tsaga shi. Ayyuka masu cin wuta, irin su jawo ruwan burtsatse zuwa tanki da sanyaya firji, a mayar da su tsakanin ƙarfe goma na safe da uku na yamma, lokacin da faranti yake ba da wuta kai tsaye, a bar wa batir fitilu da fanka na dare.