Kat-kat na kuka a ƙasa? Ka saurare ta kahin a kwance pon

Jama'a masu tsohin kat-kat, wato mota mai ja da ƙafa huɗu, Land Cruiser 75 ko 80, Hilux, Patrol, don Allah ku bar shiga garaji kuna cewa "maigida mota na kuka" ku yi shiru. Ni na yi haka bara nan Tahoua, anka sauke mani pon na baya gaba ɗai, wato ƙarhen da ke tsakanin tayu biyu mai raba masu ƙarhin inji, kwana huɗu mota na bisa duwatsu, ashe kurwaziyon ne ya mutu, wato mahaɗar kardan, doguwar sandar ƙarhe mai juyawa ta kai ƙarhi ga pon, abin da yaron garaji ka canzawa kahin la'asar. Tun ran nan sai na san lokacin da take kukan kana in kai ta.

Ka nemi gudron mai kyau, ka kashe rediyo ka sauke gilas. Kada ka gwada bisa laterit, can komi na mota kuka yake har kujera.

In ka ji wuuu kamar jirgi na tahowa daga nesa, yana ƙaruwa da gudu, ko ka taka abin ba ta wuta ko ka saki duk ɗaya, to rulman ɗin ƙafa ne galibi, wato zoben ƙarhe da taya ke juyawa bisanai. Ka ɗan karkata hagu da dama a hankali, in ka yi hagu kukan ya ƙaru to na dama ne, don nauyi can ya koma. Amma duba taya tukuna, wadda ta ci gefe guda ita ma haka take yi.

In ko kukan sai ka taka yake zuwa, ka ɗaga ƙafa ya ɓace ko ya canza murya, nan ne za ka zargi pon. Ko nan ma ba kwancewa za a fara ba, a buɗe bushon, wato murhin ramin man pon, a duba mai. Ya kamata man ya kai bakin ramin zubawa. Bushon na ƙasa yana da maganaɗisu, baƙin gari mai laushi ba komi ba ne, amma in ka murza da yatsa ka ji ɓarɓashin ƙarhe to haƙora ko rulman sun fara ci. In man ya yi fari kamar kunu, ruwa ya sha, kuma duk wanda ya ƙetare korama da damina ya san ta inda ya shiga, pon ya yi zahi ya faɗa ruwa mai sanyi sai ya zuƙa ta ɗan bututun shan iska ko ta juwan, robar da ke hana mai zuba.

Kurwaziyon shi nashi "ƙwas" ne, lokacin tashi ko in ka sa ta baya, da makyarkyata ƙarƙashin kujera in ka yi gudu. Ka tsaya wuri mai daidai, ka tokare tayu da dutsi, ka sa pwan-mor, wato ka hidda giya, ka shiga ƙasa ka kama kardan da hannu biyu ka murɗa. In ya yi wasa a mahaɗar ko ka ga jan gari na tsatsa gefenta, ka gama bincike. Ka ce a yi alama da fenti kahin a cire kardan, in an mai da shi a karkace wata rawar za ka saya.

Ƙas-ƙas-ƙas in ka murɗe sitiyari har ƙarshe cikin 4x4, wannan mahaɗar da ke cikin ƙwallon ƙafar gaba ce. Kukan da ke zuwa in ka taka ambirayaji kuwa bute ne, wato rulman ɗin ambirayajin, in kuma takawar ce ke kashe kukan to cikin bwat yake, wato akwatin giya.

Mai hob na hannu, wato makullan da ke tsakiyar tayun gaba, ya huta, ya mai da su FREE ya sa 2H, jan ƙafa biyu, pon na gaba da kardan nai sun bar juyawa ke nan, in kukan ya tsaya to gaba yake. Ku tuna Land Cruiser 80 da yawa ƙafa huɗu suke ja kullum, wannan dabarar ba tasu ba ce.

Sai masu hitowa daga rairayin Tchintabaraden su hau gudron da 4H, jan ƙafa huɗu, su manta, mota ta yi ta gurnani a kwana, lebiye, sandar sa 4H, ya ƙi hita. Ba lalacewa ta yi ba, ɗaurewa ta yi, ka ja baya kamar mita 10 kana tura lebiyen a hankali zai saki.